"Al'adarsu Ce, Ba Ruwanmu": Ina Iyakar Wannan Magana?



Kowace shekara, in watan Mayu ya kama, sarakunan Ga da manyan tsafinsu su kan sa doka a Ankara a hana kiɗa da hayaniya har wajen wata guda. Dalili kuwa, sun shuka hatsin da za a yi bikin Homowo da shi, watau bikin yi wa yunwa ihu, kuma a wurinsu lokaci ne na natsuwa da roƙo. Dokar ta kan shafi coci da gidan rawa da wurin biki, har da lasifikar da a ke ɗaurawa a wajen masallaci. Kowace shekara kuma sai an yi gardama a kanta a zaurukanmu. Wani ya ce, "Me ya haɗa mu da abin da ba mu yi imani da shi ba?" Wani ya ce, "Ku ƙyale su, al'adarsu ce, ba ruwanmu. Kowa da tasa." Da an faɗi haka sai wuri ya yi tsit, kamar an kashe magana.

To, wannan kalma ta ƙarshe ita mu ke so mu juya yau mu ga cikinta da bayanta. Mun ji an faɗe ta a kan kiɗa, mun yarda. Amma mun kuma ji an faɗe ta a kan yarinya 'yar shekara 13 da aka cire daga makaranta aka kai ɗakin sa'an kakanta, sai dai a nan an ce, "Al'adarmu ce, ba ruwan kowa." Kalma ɗaya ce ta ɗauki kaya biyu, ɗaya mara nauyi, ɗaya kuwa mai karya wuya. Ya kamata mu san inda ta ke da ƙarfi da inda ta ke gurguwa.

Kada ku zaci mu kaɗai mu ke faɗinta. Turawa masu nazarin al'adun mutane sun mai da ita ka'ida, sun rubuta littattafai a kanta. Mu za mu kira ta ka'idar kowa-da-tasa. Abin da ta ke cewa shi ne, kyau da muni ba su da wani ma'auni da ya wuce al'adar kowace jama'a. Abin da mutanen gari suka yarda da shi, shi ne daidai a garin nan, ba kuwa wanda ya isa ya tsaya daga waje ya ce sun yi kuskure, domin shi ma da awon gidansu ya ke awo.

Maganar tsohuwa ce. Wani marubucin tarihi Bayunane, sunansa Hirodotus, wanda ya rayu fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin Dariyus, Sarkin Farisa. Wai wata rana sarkin ya kira Yunanawan da ke fadarsa, waɗanda al'adarsu ita ce ƙona gawa, ya tambaye su nawa zai ba su su ci gawar ubanninsu. Suka ce ko nawa ne ba su yi. Sa'an nan ya kira waɗansu mutane daga ƙasar Hindu, waɗanda aka ce su cin gawar iyayensu su ke yi, ya tambaye su nawa zai ba su su ƙona ta. Suka yi salati irin nasu, suka roƙe shi ya daina faɗin irin wannan mugun abu. Marubucin ya gama da cewa al'ada ita ce sarkin kowa.

A zamanin baya-bayan nan kuwa, wanda ya tayar da maganar shi ne Franz Boas, Bajamushe wanda ya koma Amurka ya koyar a jami'ar Kolambiya, ya rasu a 1942. Almajiransa suka ɗora, musamman Ruth Benedict da littafinta na 1934, da Melville Herskovits, wanda ya zo nan maƙwabta, Dahomey, a 1931 ya zauna yana binciken al'adunsu. Lalle mu yi musu adalci. A lokacin da suka tashi, abin da a ke koya wa 'yan makaranta a Turai da Amurka shi ne mutane hawa-hawa su ke, Bature a bisa, baƙar fata a ƙasa, duk abin da baƙar fata ya ke yi kuma duhun kai ne. Waɗannan malamai suka ce a'a, a tsaya a fahimci abin da mutum ya ke yi da dalilin da ya sa ya ke yi kafin a buɗe baki. Wannan alheri ne suka yi mana, kada mu manta.

In kuna son ku ga abin da rashin wannan fahimta ya ke jawowa, ba sai mun tafi nesa ba. Ranar 28 ga Maris 1900 Gwamna Hodgson ya tara sarakunan Asante a Kumasi, shekara huɗu bayan an kama Sarki Prempeh an fitar da shi daga ƙasarsa. Ya tambaye su ina Kujerar Zinariya, don me ba a kawo masa ya zauna a kai ba, tun da shi ne wakilin Sarauniyar Ingila? Shi a ganinsa gadon sarauta ne irin na ƙasarsu. Bai sani ba kujerar nan ko Sarkin Asante ba ya zama a kanta, domin a wurinsu kurwar al'umma duka tana cikinta. Cikin 'yan kwanaki ƙasa ta kama da wuta, Yaa Asantewaa ta ja yaƙi, aka tsare Gwamna da matarsa a cikin ganuwar Kumasi, da ƙyar suka fita a watan Yuni. Rayuka masu yawa suka salwanta sabo da magana ɗaya ta mutumin da bai tambaya ba. (Sojan da aka tsare tare da shi ma "Hausa" a ke kiransu, ko da ya ke ba duka ne Hausawa ba. Ka ga har mu tsautsayin ya shafa.)

Bayan shekara 21 sai ga abin ya sake tasowa. An gano inda aka ɓoye kujerar, waɗansu suka sace zinariyar da ke jikinta suka sayar. Wannan karo gwamnati ta koyi hankali, tana kuma da ma'aikacinta mai binciken al'adu, Kyaftin Rattray, wanda ya san abin da kujerar ta ke nufi. Aka bar sarakunan Kumasi suka yi wa ɓarayin shari'a da kansu, gwamnati kuma ta janye maganar neman kujera. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Amma ku lura da wani abu: sarakuna sun yanke hukuncin kisa, gwamnati ba ta yarda ba, ta mai da shi kora daga ƙasa. Watau an girmama al'ada har zuwa wani wuri, da aka zo kan ran mutum aka tsaya. Ko ikon tsayawar ya kamata ya zama a hannun Bature, wannan wata magana ce dabam. Mu dai mun ga akwai wurin tsayawa.

Nan ne muka rabu da masu ka'idar. Sun faɗi abu biyu sun haɗa su kamar ɗaya. Na fari, al'adu sun bambanta. Wannan gaskiya ce, ɗan zango ya fi kowa saninta, shi da ya ke kwana da Hausa ya tashi da Twi. Na biyu, tun da sun bambanta, babu mai gaskiya babu mai kuskure. Ina aka samo wannan? Saɓani bai taɓa zama shaidar cewa babu gaskiya ba. In akawu biyu suka tara lissafi ɗaya, wannan ya sami 500, wancan ya sami 550, ba a cewa kowa da nasa. Sai a sake tarawa.

Ku koma ma kan labarin Dariyus. Me ya sa Yunanawa suka ƙi? Don girmama uba. Me ya sa mutanen Hindu suka yi kururuwa? Don girmama uba. Sun saɓa a hanya, amma wurin da suka nufa ɗaya ne. Haka abin ya ke a kasuwa. A Kano da mudu a ke awo, a Ankara da olonka, girmansu ba ɗaya ba ne, ba kuwa wanda ya taɓa yin faɗa a kan wanne ne na gaskiya. Amma ka je kowace kasuwa a duniya ka bubbuga gindin abin awo ya shige ciki, ko ka zuba tsakuwa a ƙarƙashin hatsi, ka ga ko akwai inda za a ce maka al'ada ce. Girman mudu na gari ne, tauye mudu kuwa ko'ina sunansa zamba.

Ga wani labari kuma da dattawan ƙasar nan suka sani. Nana Ofori Atta na Ɗaya, Sarkin Akyem Abuakwa, ya rasu a watan Agusta 1943. A watan Fabrairu 1944, ana cikin hidimar ƙarshe ta makokinsa a Kyebi, sai dagacin Apedwa, Akyea Mensah, ya ɓace. Aka kama mutum takwas, yawancinsu 'yan gidan sarauta, aka tuhume su da kashe shi don tsafin makoki. Kotu ta same su da laifi, aka yi ta ɗaukaka ƙara har Ingila, maganar ta kai majalisar dokokinsu, daga bisani aka rataye uku a 1947. Har yau akwai masu ja a kan shari'ar, ba kuwa mu ne alƙalanta ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, ba wanda ya miƙe a kotu ya ce, "I, mun yi, al'adarmu ce." Musu suka yi, suka ce ba a yi ba. Waɗanda suka ba da shaida kuma suka nemi haƙƙin mamacin, mutanen ƙasar ne. To, in wani malami daga Amurka ya zo ya ce a bar mutanen Akyem da al'adarsu, da wa ya ke? Da waɗanda aka tuhuma, ko da iyalin Akyea Mensah? Su ma ai mutanen Akyem ne.

Wannan ita ce babbar ɓarakar ka'idar. Tana magana kamar kowace al'umma baki ɗaya gare ta, alhali kuwa a cikin kowace al'ada akwai mai cin riba, akwai mai biyan kuɗi. Baƙo in ya zo tambaya, wurin wa a ke kai shi? Wurin sarki da dattawa maza. Ba a kai shi wurin bawa, ba a kai shi ɗakin amarya mai kuka. Ku dubi trokosi a yankin Volta, inda a ke ba da yarinya ga ɗakin tsafi ta yi bauta don laifin da wani danginta ya yi, wani lokaci tun ba a haife ta ba. Da aka tashi hana shi, an sami masu ilmi da suka kāre shi da sunan gadon kakanni. Amma matan da suka fito daga ciki su ne suka tsaya gaban jama'a suka faɗi abin da suka gani, majalisa kuma ta haramta shi a 1998. Da an bi ka'idar kowa-da-tasa, da sai a ce wa matan nan su yi shiru, sun saɓa wa al'adarsu.

Laifi tudu ne, an ce, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu sauko kan namu. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, sun cika kasuwar Salaga kafin yaƙin basasa na 1892 ya watsa su zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, inda zangunanmu da yawa suka samo asali. Muna alfahari da wannan, ya kuwa cancanta. Amma kasuwar Salaga ba goro da kanwa kaɗai a ke sayarwa a cikinta ba. Ana sayar da mutane, da igiya a wuya, kakanninmu kuma suna cikin masu saye da sayarwa. A zamaninsu al'ada ce, ba mai jin kunyarta. Yanzu sai mu ce daidai ne a lokacin, ya zama laifi ne kawai ran da aka kafa dokar hanawa a 1874? Wanne daga cikinmu zai iya duban jikan wanda aka sayar, wanda watakila maƙwabcinsa ne a sahun salla, ya faɗa masa haka? Matar da aka raba da ɗanta a Salaga ba ta jira doka ba kafin ta san an zalunce ta.

Har wa yau, in ka'idar nan gaskiya ce, duk mai gyara mai laifi ne, domin ya saɓa wa abin da garinsu ya yarda da shi. Larabawan jahiliyya suna binne 'ya'ya mata da rai, Musulunci ya zo ya hana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta a cikin Nurul Albabi yana zargin malaman ƙasar Hausa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, abin da kowa ya saba da shi a lokacin. A ƙasar Hindu, kafin a hana ƙona mace tare da gawar mijinta a 1829, ɗan ƙasar ne, Ram Mohan Roy, ya yi shekaru yana yaƙi da abin. Duk waɗannan daga cikin gida suka fito. Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da raba wannan gardama a nasu fanni: suna karɓar al'adar gari a yi hukunci da ita a ciniki da sadaki da makamantansu, muddin ba ta ci karo da abin da ya fi ta ƙarfi ba.

Su kansu masu ka'idar sun gamu da wannan tarko. A 1947, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ke shirya takardar haƙƙin ɗan Adam, Herskovits ya rubuta wa ƙungiyarsu ta masu nazarin al'adu a Amurka wata sanarwa, tana gargaɗi kada a ɗauki awon Turai a ɗora wa duniya duka. Tsoronsa yana da dalili, domin a lokacin ƙasashe masu yawa suna ƙarƙashin mulkin mallaka. Aka zartar da takardar ranar 10 ga Disamba 1948, ƙasashe 48 suka yarda, 8 suka ƙi jefa ƙuri'a. A cikin takwas ɗin akwai Afirka ta Kudu, wadda a shekarar nan ce ta soma kafa mulkin wariyar launin fata. Da me Turawan can suka riƙa kāre kansu shekara da shekaru? Da cewa kowace ƙabila ta ci gaba bisa hanyarta dabam, kuma na waje bai san al'amarin gidansu ba. Makamin da aka ƙera don tsaron mai rauni, sai ga shi a hannun mai ƙarfi. A 1999 ƙungiyar ta fitar da wata sanarwa tana goyon bayan haƙƙin ɗan Adam a fili.

Yanzu ga abin da ya sa muka ce maganar ta shafe mu fiye da kowa. Mu 'yan zango ne, ko'ina mu ke mu ne marasa yawa. In daidai shi ne abin da mutanen gari suka yarda da shi, to, ran da suka yarda a kore mu, da wane baki za mu yi kuka? Dattawan da ke cikinmu sun tuna 18 ga Nuwamba 1969, ran da gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takardar zama kwana 14 su fita. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau mota. Mutane da yawa a gari sun yi murna a lokacin. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya suka dawo, can ma aka yi murna. Duk wanda ya ce an zalunci waɗannan da waɗancan, ya riga ya yarda akwai awo wanda ya fi son ran mutanen gari, ko ya sani ko bai sani ba. Ba shi yiwuwa mu riƙe awon nan ran da aka taɓa mu, mu jefar da shi ran da aka tambaye mu abin da mu ke yi a cikin gida.

To, me za mu ce game da dokar Homowo? Mu a ganinmu a bi ta, ba tare da gunaguni ba. Ƙasarsu ce, kakanninsu suka ba kakanninmu wurin zama, abin da a ke nema kuma wata guda ne na sassauta murya. Ba a hana kowa salla ba, an yi kiran salla shekaru aru-aru kafin a ƙera lasifika. Wanda ya ɗaga bikin 'yarsa da mako biyu bai rasa kome ba. Amma in samari suka ɗauki sanduna suka faɗa wa masu ibada, kamar yadda aka yi a wani coci a Korle Gonno a 1998, wannan duka ne, a kai shi gaban hukuma da sunansa. Mun bi dokar don ba ta cuci kowa ba kuma zaman tare ya bukace ta, ba don kalmar al'ada ta isa hujja ita kaɗai ba.

Tambayoyin da mu kan yi wa kowace al'ada, tasu ko tamu, ba su da wuya. Wa ya ke ɗaukar nauyinta a jikinsa? An tambaye shi? In ya ce ba ya so, me zai same shi? Kunya tsakanin suruki da suruka, durƙuso wajen gaisuwa, ɓoye sunan ɗan fari, goron ɗaurin aure, kakan da a ke yi wa wasa, duk waɗannan sun tsallake, mu riƙe su da kyau, 'ya'yanmu ma sun fara sakinsu. Tsagar fuska kuwa mun bar ta da kanmu, ba mu zama wasu mutane dabam ba. Amma cire yarinya daga aji a kai ta ɗaki tana kuka, ko tura yaro ƙarami da kwano ya yi bara a tashar mota da sunan karatu, waɗannan ba su tsallake ba. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 a kan aure a ƙasar nan, mu kuwa mun san gidajen da a ke ɗaura shi da dare don kada a ji. Wanda ya tabbata abin da ya ke yi daidai ne, me ya kai shi yin sa a ɓoye?

Sabo da haka muna roƙon Sarakunan Zango da limamanmu abu ɗaya. In an kawo maganar aure gabanku, kafin a raba goro, ku aika a kira yarinyar. A sa wata tsohuwa amintacciya wadda ba ta gidan ango ba, ba ta gidan uba ba, ta keɓe da ita a ɗaki ta tambaye ta shekarunta da ajin da ta ke, da ko tana so. Abin da tsohuwar ta dawo da shi, a faɗe shi a zaure kowa ya ji, a kuma rubuta shi a littafin masallaci tare da kwanan wata.